Girman Rubutu a Shafukan Intanet: Shin Ya Wajaba a Sanya Maɓallin Ƙara Girma?

A wasu shafukan intanet mai karatu yakan ga harafin A guda biyu ko uku a jere can sama, ƙarami da matsakaici da babba, ko kuma harafi ɗaya da alamar ƙari da ta ragi a gefensa. Wannan shi ne maɓallin sauya girman rubutu. Duk ƙanƙantarsa, fiye da shekara ashirin ke nan masu gina shafuka da masu fafutukar haƙƙin masu buƙata ta musamman suna muhawara a kansa: wasu na ganin kowane shafi ya kamata ya tanade shi, wasu kuma na cewa aikin manhajar buɗe shafuka ne, wato burauza, da ita kanta wayar. Wannan maƙala ta tattaro asalin muhawarar, da abin da ƙa'idojin duniya da dokokin Najeriya suka tanada, da yadda lamarin ya shafi mai karatun Hausa, musamman a unguwanni irin su Agege da ke Legas.

Me ya sa batun ya shafi Agege

Hausawa sun daɗe a Agege. Cinikin goro da na dabbobi ne ya zaunar da su, layin dogo kuma ya ƙarfafa zaman, domin ya ratsa garin a kan hanyarsa zuwa Ibadan, inda ya isa a 1901, kafin a haɗa Legas da Kano a 1912. Har yau akwai Zangon Agege da Sarkin Hausawa, ga kuma babbar mayankar Oko-Oba, inda fatake da mahauta ke hada-hada kullum. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Agege na da mutane fiye da 450,000. Haka ma Mile 12 da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, duk wurare ne da Hausa ke cin kasuwa a cikinsu.

Cinikin da a da ake ƙulla shi da baki da tsabar kuɗi, yanzu kaso mai yawa nasa ya koma cikin waya. Ƙarancin takardun naira da aka yi a farkon 2023 ya tilasta wa 'yan kasuwa da yawa, har da dattawan da ba su saba ba, karɓar kuɗi da biya ta hanyar tura wa asusu. Lambar asusun banki alƙaluma 10 ce, lambar BVN 11, lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ita ma 11, lambar da ake loda wa mitar lantarki kuwa 20. Wanda idonsa ya ɗauki 3 a matsayin 8, ko 1 a matsayin 7, zai iya tura kuɗin buhun goro ga wanda bai taɓa sani ba. Idan kuma ya miƙa wa wani wayarsa don ya karanta masa, ya bayyana masa abin da ke asusunsa, wani lokaci har da lambar sirri. Ta nan ne girman harafi ya zama batun dukiya da sirri da mutunci.

Su wane ne ƙaramin rubutu ke cutarwa

Mutane da yawa idan an ce lalurar gani, makanta kawai ke zuwa musu a rai. Amma makaho ba ya amfana da ƙara girman rubutu. Shi manhajar da ke karanta allo da murya yake buƙata. Masu buƙatar babban rubutu su ne waɗanda ke gani amma ganin ya yi rauni, kuma sun fi makafi yawa nesa ba kusa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na farko kan gani da ta fitar a 2019, ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 na da raunin gani na kusa ko na nesa, kuma aƙalla biliyan 1 daga ciki matsalarsu abar rigakafi ce ko kuma ba a kai ga magance ta ba. Mafi yawan wannan adadi na masu raunin ganin kusa ne, wanda tsufa ke kawowa. Daga wajen shekara 40 madubin da ke cikin ido yakan fara taurarewa, sai ya kasa daidaita kansa don ganin abin da ke kusa. Shi ya sa za a ga magidanci yana nisanta waya daga fuskarsa kafin ya iya karanta saƙo. Tabarau mai sauƙin kuɗi na magance wannan, amma hukumar ta ce fiye da mutum miliyan 800 ba su samu gyaran ba.

A Najeriya, binciken ƙasa kan makanta da raunin gani da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya duba idanun mutane fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.25 a wannan rukuni na da raunin gani matsakaici ko mai tsanani ko kuma makanta, kuma miliyan 1.13 daga cikinsu makafi ne. Wato kusan kashi uku cikin huɗu na masu lalurar suna da sauran gani da za su iya karatu da shi idan rubutun ya dace. Binciken ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen jawo makanta, sai ciwon hawan jinin ido, kuma matsalar ta fi tsanani a Arewa, musamman Arewa maso Gabas, fiye da Kudu maso Yamma. Ban da waɗannan akwai zabiya, waɗanda galibinsu ke da raunin gani tun haihuwa, da masu ciwon sukari da ya taɓa ido, da kuma lafiyayyen da ke ƙoƙarin karanta allon waya mai tsagewa a tsakiyar rana cikin kasuwa.

Inda maɓallin ya samo asali

A shekarun farko na intanet, masu gina shafuka kan ƙayyade girman haruffa da ma'aunin fiksel, wato ɗigon haske ɗaya na allo. Burauzar Internet Explorer 6, wadda ta fito a 2001 ta kuma mamaye kwamfutocin duniya na tsawon shekaru, ba ta barin mai karatu ya ƙara girman rubutun da aka ƙayyade ta wannan hanya. A 2002 masanin sauƙin amfani da shafuka Jakob Nielsen ya wallafa wata maƙala da ta yi fice, inda ya nemi a bar wa mai karatu ikon zaɓar girman haruffa. A wannan yanayi ne shafuka suka fara sanya nasu maɓallan don cike giɓin.

Daga baya burauzoji suka gyara. Internet Explorer 7 ta zo a 2006 da damar zuƙo dukkan shafi, Firefox 3 ta biyo baya a 2008, kuma yau babu wata babbar burauza da ba ta da wannan dama. Sai tambaya ta taso: tun da ciwon ya warke, mene ne amfanin ci gaba da shan maganin?

Abin da ƙa'idojin duniya suka tanada

Ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet, wadda aka fi sani da W3C, Tim Berners-Lee ne ya kafa ta a 1994. Ita ce ke fitar da kundin ƙa'idojin sauƙaƙa shafuka ga masu lalura, mai suna WCAG. Bugu na farko ya fito a 1999, na 2.0 a Disamba 2008, na 2.1 a Yuni 2018, na 2.2 kuma a Oktoba 2023. Ƙa'idojin na da matakai uku, A da AA da AAA, kuma matakin AA ne akasarin gwamnatoci ke ɗauka a matsayin ma'auni.

Ƙa'ida mai lamba 1.4.4 ta bukaci a iya ninka girman rubutu har kashi 200 cikin 100 ba tare da wata na'ura ta musamman ba, kuma ba tare da wani bayani ya ɓace ko wani aiki na shafin ya tsaya ba. Ƙa'idar ba ta ce dole a sanya maɓalli ba. A cikin hanyoyin da W3C ta lissafa na cika ta, akwai dogaro da zuƙowar burauza, akwai kuma tanadar maɓalli a shafin. Kowacce ta wadatar, muddin rubutun ya girma kuma shafin bai wargaje ba.

Bugu na 2018 ya ƙara ƙa'idoji biyu masu muhimmanci ga masu waya. Ta 1.4.10 ta ce rubutu ya riƙa jera kansa a allon da faɗinsa bai wuce fiksel 320 ba, ta yadda mai karatu ba zai riƙa jan shafi hagu da dama a kowane layi ba. Wannan daidai yake da zuƙo shafi kashi 400 a allon kwamfuta mai faɗin fiksel 1,280. Ta 1.4.12 kuma ta ce shafi ya jure idan mai karatu ya faɗaɗa tazarar layuka da kalmomi da haruffa. Akwai kuma ƙa'idar bambancin launi, wadda ta nemi hasken rubutu da na bangonsa su bambanta da aƙalla 4.5 bisa 1. Cibiyar WebAIM ta Amurka, wadda ke duba shafukan farko miliyan ɗaya kowace shekara tun 2019, ta gano a 2024 cewa kusan kashi 96 cikin 100 na da kurakuran da suka saɓa wa ƙa'idojin, kuma dishi-dishin rubutu ne kuskuren da ya fi yawa, a kimanin kashi 81 na shafukan.

Hujjar masu cewa babu buƙatar maɓallin

Hujjarsu ta farko ita ce maɓallin shafi a shafin kaɗai yake aiki. Wanda ya ƙara girma a shafin banki, da ya koma shafin jarida sai ya sake neman wani maɓallin, mai wata siffa, a wani lungu. Saitin waya ko na burauza kuwa sau ɗaya ake yin sa ya bi mutum kusan ko'ina. Ta biyu, maɓallan kansu sukan kasance ƙanana, har wanda aka yi su dominsa ba ya ganin su. Ta uku, da yawansu ɗan ƙari kaɗan suke yi wanda bai kai ninki biyun da ƙa'ida ta nema ba, ko kuma su girmama jikin labari su bar jerin zaɓi da guraben cike fom yadda suke. Ta huɗu, kowane ƙarin kayan aiki nauyi ne a kan shafi, ga cin data, ga yiwuwar ya yi karo da saitin da mai karatu ya riga ya yi.

Hujja mafi ƙarfi ita ce maɓallin na iya zama rufa-ido. Akwai kamfanonin da ke sayar da wani ɗan akwati da ake manna wa shafi, mai ɗauke da maɓallan girma da launi, tare da alkawarin cewa shi kaɗai zai sa shafin ya cika ƙa'ida. A farkon 2025 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci tarar ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni dala miliyan 1 bisa zargin yin ikirarin da bai tabbata ba. Shafin da ginshiƙinsa ya karkace, manna masa maɓalli ba ya miƙar da shi.

Hujjar masu cewa a sanya shi

Su kuma waɗannan suna cewa damar da mutum bai san da ita ba, tamkar babu ita ce. Saitin girman rubutu yakan ɓuya a can cikin jerin zaɓi, sau da yawa da Turanci. Dattijon da ɗansa ya saya masa waya daga Computer Village a Ikeja, ya koya masa kira da tura kuɗi da WhatsApp, da wuya ya kai ga wannan saiti da kansa. Harafin A babba a saman shafi kuwa ba ya buƙatar fassara.

Sun kuma yi nuni da cewa muhawarar ta taso ne a ƙasashen da kowa ke da kwamfutarsa. A nan yawancin mutane ta waya suke shiga intanet, irin su Tecno da Itel da Infinix, wasu ta ƙaramar waya mai madannai. Sau da yawa shafi yakan buɗe ne a cikin Facebook ko wata manhajar, inda zaɓin burauza ba ya cika bayyana. Waya ɗaya kuma kan zagaya hannun mutum uku a gida. Idan uba ya sauya saitin gaba ɗaya, ya sauya wa kowa. Haka abin yake a shagon kwamfuta inda ake zuwa cike fom ko buga takarda, wurin da baƙo ba shi da hurumin taɓa saitin na'urar wani. A duk waɗannan wurare maɓallin shafi na iya zama hanya mafi kusa.

Matsalar da ta keɓanta da rubutun Hausa

Mai karanta Hausar boko na da wata buƙata da mai karanta Turanci ba shi da ita. Abin da ya raba ƙ da k, ko ɗ da d, ko ɓ da b, ɗan lanƙwasa ne a saman harafi. Idan rubutu ya ƙanƙance, lanƙwasar takan ɓace wa ido, sai ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa, ƙara ta koma kara. Wasu shafukan ma salon haruffan da suka zaɓa ba shi da waɗannan baƙaƙe, sai na'ura ta aro su daga wani salon, su fito da girma dabam, ko kuma su zama akwatuna marasa komai a ciki. A ajami lamarin ya fi haka, domin ɗigo da wasali ne ke ɗauke da ma'ana, kuma su ne farkon abin da ke dushewa.

Ban da haka, jimlar Hausa takan fi ta Turanci tsawo idan aka fassara, musamman a kalmomin fasaha da ake bayyanawa da kalma uku ko huɗu. Gurbin da aka auna shi daidai da kalmar Turanci guda, da an zuba masa Hausa an kuma ninka girmanta, sai rubutun ya yanke ko ya hau kan na kusa da shi. Don haka gwajin da aka yi wa shafin Turanci ba ya isar wa takwaransa na Hausa. Sanarwar da ake wallafawa a matsayin hoto ita ma matsala ce, domin harafin da ke cikin hoto ba ya jera kansa, yana dishewa idan an zuƙo shi, kuma manhajar da ke karanta wa makafi ba ta iya furta shi sai an haɗa masa bayani a rubuce.

Matsayin doka a Najeriya

Najeriya ta sanya hannu a Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Buƙata ta Musamman a 2007, ta kuma tabbatar da ita a 2010. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ɗora wa ƙasashe nauyin sauƙaƙa wa masu lalura hanyar amfani da fasahar sadarwa, kuma ya ambaci intanet ƙarara. Jihar Legas ta yi dokarta ta masu buƙata ta musamman a 2011, wadda ta haifar da ofishin LASODA. A matakin tarayya, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a Dokar Haramta Wariya ga Masu Buƙata ta Musamman ta 2018 a Janairun 2019. Dokar ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun ga mutum guda, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, ta kuma kafa hukumar ƙasa da ta fara aiki a 2020. Tsara ma'aunai na fasahar sadarwa a hukumomin gwamnati kuwa yana hannun hukumar NITDA, bisa dokarta ta 2007.

Wasu ƙasashe sun ɗaure shafukan intanet da doka kai tsaye. Tarayyar Turai ta yi haka ga shafukan hukumomi a 2016, sannan wata dokarta da ta shafi bankuna da kasuwancin intanet ta fara aiki a ranar 28 ga Yuni, 2025. Birtaniya ta yi nata tanadin a 2018, Ma'aikatar Shari'a ta Amurka kuma ta ɗauki WCAG 2.1 matakin AA a Afrilun 2024 ga shafukan jihohi da ƙananan hukumomi. Dukkansu sakamako suka nema, wato rubutu ya girma shafi kuma ya ci gaba da aiki, suka bar wa mai shafi zaɓin hanya.

Abin da ya kamata mai shafi ya yi

Idan aka auna hujjojin biyu, wajibi dabam ne, ƙarin alheri dabam. Wajibin shi ne a fara da rubutu mai girman da ake iya karantawa, kusa da fiksel 16 da burauzoji ke farawa da shi. A yi amfani da ma'aunin da ke bin zaɓin mai karatu. Kada a kulle zuƙowa da yatsu. A tabbatar shafi na jure ninki biyu. A zaɓi salon haruffa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. A daina mayar da sanarwa hoto. Bayan an cika waɗannan, maɓallin na da amfani a shafukan da dattawa da sababbin masu amfani da intanet suka fi ziyarta, kamar na labarai da lafiya da fansho da aikin hajji da bankuna. Sharaɗinsa ya kasance babba, a wuri bayyananne, da bayani cikin harshen mai karatu, ya kai ninki biyu, ya shafi duk rubutun shafin, ya kuma tuna zaɓin mutum idan ya dawo. Gwaji mafi inganci shi ne a miƙa wa masu raunin gani shafin su gwada da wayoyinsu. A Legas akwai cibiyoyin da suka daɗe a wannan fage, kamar makarantar Pacelli da ke Surulere da cibiyar koyar da sana'o'i ta makafi da ke Oshodi.

Abin da mai karatu zai iya yi yau

A kwamfuta, danna Ctrl tare da alamar ƙari na girmama shafi, Ctrl da alamar ragi na rage shi, Ctrl da sifili kuma na mayar da shi yadda yake. A wayar Android ana samun girman rubutu a cikin saiti, ƙarƙashin sashen allo ko sashen da aka rubuta wa Accessibility, kuma daga Android 14 ana iya kai shi kashi 200. Burauzar Chrome na da nata saitin a sashe mai wannan suna, har da zaɓin tilasta zuƙowa a shafukan da suka kulle ta. A iPhone, maɓallin da ke gefen adireshin shafi a Safari na ba da damar ƙara girma. WhatsApp a Android na da zaɓin girma uku a saitin hira.

Wanda ya lura yana ƙara girman rubutu wata bayan wata, ko yana ganin hazo, ko gefen ganinsa na raguwa, ya kamata ya je a duba masa ido a asibiti. Hawan jinin ido yakan cinye gani ba tare da zafi ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, yanar ido kuwa ana cire ta da tiyata gani ya dawo.